Kilomitan da Ba a Taka Ba

Abin nan da ke zaune a goshin babur yana ƙirga tafiya suna biyu gare shi a Birnin Ƙwanni. Makanikin da ya koyi aiki a Sakkwato, ko a Illelar Nijeriya da ke ƙetaren iyaka kaɗan, mita yake ce masa. Wanda ya koya a Tawa ko Yamai kuwa kwantar yake cewa, daga *compteur* na Faransanci. Haka buji da fulogi suke zaune gareji ɗaya, haka moto da mashin, ba mai korar wani. Ɗalibin ilimin harshe zai lura da abin da ya sami wasalin kalmar: Hausa ba ta son gajeren “o” a rufaffiyar gaɓa, sai ta mayar da shi “a”, ta bar zagayen leɓɓan a kan baƙin da ya gabace shi. Dokar da ta ba da kwamfuta da kwalta da kwantiragi ita ce ta ba da kwantar, ita ce kuma ta sa garin da taswira ke rubutawa Konni mutanensa ke kira Ƙwanni. Abin da ya fi daɗi shi ne kwamfuta da kwantar tsatsonsu ɗaya, *computare* na Latin, wato ƙidaya. Ɗaya ta biyo Ingilishi, ɗaya ta biyo Faransanci, ga su sun sake haɗuwa a jikin babur, tun da aka fara kawo mita mai gilashi da lambobi masu haske, wadda kwantar ce mai ƴar kwamfuta a ciki.

Shekara da shekaru mitar ɗan kabu-kabu ado ce kawai. Tsohuwar mai allura tana aiki ne da wata waya mai juyawa da ta taso daga cibiyar ƙafar gaba. Rairayi ya shiga, wayar ta tsinke, allura ta kwanta a sifiri, ba mai waiwayarta. Ba a kuwa yi asarar komai ba, don ba da kilomita ake yanke kuɗin hawa ba. Da sunan gari ake yankewa, da halin hanya, da nauyin kaya, da sanayya. Ko kuɗin ma ba yadda aka rubuta su ake faɗarsu ba: abin da takarda ta ce 500, baki dala ɗari yake cewa, 1000 kuma jika ce. Mutanen nan sun saba da rubutu ya faɗi abu guda, harshe ya faɗi wani, kowa kuma ya fahimta.

Mai ne ya sauya lissafin. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, kwalaben da ake jerawa a bakin hanya suka yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Masu babura da suke ba yara haya suka fara tambayar da ba su saba yi ba: ina aka je, har tsawon nawa?

Cikinsu akwai wani alhaji, ɗan kasuwar albasa mazaunin Malbaza, wanda ya ba ɗan ƙanwarsa babur ƙirar Sin mai inji 125. Sharaɗin shi ne yaron ya kawo abin da aka yanka kowace rana, in kuɗin babur suka cika ya zama nasa. Kada ya wuce Galmi ta gabas, kada ya hau hanyar Tawa daga Tsarnawa. Yaron kuwa da wannan babur yake tara kuɗin aure. Alhaji bai taɓa kama shi da wani abu ba, amma zato ba ya jiran hujja. Ya aika aka sayo masa mita mai lambobi daga Sakkwato, aka kai wa wani makaniki a Ƙwanni ya ɗaura.

Ɗaurin ba wuya ga mai hannu: a kwance tsohuwar, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji, tun da launin wayoyin mita da na babur ba su cika dacewa ba, a tabbata batir na da rai, don wannan ba ta tashi da bugun ƙafa kaɗai. Wuyar tana wajen ƙirga. Sabuwar mita ba ta da waya mai juyawa. Mayen ƙarfe ake maƙalawa a jikin ƙafar gaba, a ɗaure wata ƴar na'ura kusa da shi, wadda makanikin ke kira kunne. Duk lokacin da maye ya gitta, kunne ya ji, mita ta rubuta zagaye ɗaya. Nisa kuwa ba ta san shi ba sai an gaya mata abu biyu: tsawon da'irar taya, da yawan mayun da aka maƙala. Taya mai inci 18 da'irarta ta kai kusan taku biyu na babban mutum, tana juyawa wajen sau 530 a kilomita guda. In an ce mata inci 17 ce, lissafi ya ɗan gaza. A cikin kwalin an sami maye biyu, makanikin ya maƙala duka biyun don kada ɗaya ya faɗi a hanya. Takardar bayani da Sinanci take, da wani Ingilishi mai ɗingishi. Ba wanda ya karanta ta. Mita ta ci gaba da zaton maye ɗaya ne.

A ƙarshen Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Gilashin mitar bai ji wannan labari ba. ODO yake cewa, da TRIP, da N, da E, da F. Yaron, wanda ya yi lakwal har aji shida, ya karanta biyun ƙarshe da abin da ya sani: E *essence* ne, akwai mai, F *fini* ne, ya ƙare. Waɗanda suka ƙera ta akasin haka suke nufi. Sai dai abin da ke yawo bisa mai a cikin tankin wannan babur yana aika saƙonsa ne a juye da yadda mitar ke tsammani, saboda haka cikakken tanki E yake nunawa. Kuskure biyu suka haɗu suka haifi daidai. Da makanikin ya ce zai gyara, yaron ya ƙi. Wanda ya ari babur ɗin ne kawai zai tura shi a rana.

Kwana tara na farko kwanakin daɗi ne. Lambobi suna tsalle, 90, 110, har 140 a miƙaƙƙiyar kwaltar da ta wuce kamfanin siminti na Malbaza. Ƴan uwansa ƴan kabu-kabu suka riƙa leƙawa suna jinjina kai. Tun da tsohuwar allura ta mutu kafin babur ya zo hannunsa, ba shi da abin aunawa. Kuma, gaskiya, ba kowa ke tuhumar shaidar da ke yabonsa ba.

Rana ta goma Alhaji ya duba gilashi ya ga 1460. Ɗan kasuwa ne, nan take ya raba: sama da 160 kowace rana, kuɗin da ake kawowa kuwa na rabin haka ne.

“Kai, mi yak kai ka Illela?”

“Wace Illela, Kawu?”

Tambayar ta gaskiya ce, don Illela biyu ce: ta kusa a Nijeriya, da ta arewa a ƙasar Adar. Alhaji ya ji ta a matsayin raini.

“Ta Adar. Ko Tawa ce kaka zuwa kullum ban sani ba?”

“Wallahi Kawu, ku tambaya. Tun ran da anka sa abin ga ban wuce Galmi ba.”

“Ƙarhe ba shi ƙarya,” in ji Alhaji. Ya zare makulli ya jefa aljihu.

Wannan jimla ta cancanci a tsaya a kanta. A maganar yau da kullum Bahaushe yana nuna inda ya samo zancensa: “na gani”, “na ji”, “an ce”, “wai”. Mai sauraro ya auna nauyin kowanne, rantsuwa kuma ita ce ke bisa duka. Lambar da ke gilashi ba ta ɗauke da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba ta ce “wai” ba, ba ta ce “an gaya mini” ba, alhali duk abin da ta sani gaya mata aka yi. Mutumin da ya san sarai cewa 500 ɗari ce, ya san ma'aunin albasa yana bin hannun mai awo, shi ne ya ɗauki 1460 ya ɗora bisa wallahin ɗan ƙanwarsa. Ba wauta ce ta sa shi ba. Baƙon shaida ne ya zo da murya marar rawa, a harshen da ba wanda ke iya yi masa tambaya da shi. Kwana huɗu babur yana jingine a zaure. Uwar yaron ta daina aiko da gaisuwa, maganar aure ta tsaya inda take.

Alfaharin yaron ne ya cece shi. Labarin 140 ya kai kunnen makanikin, ya tashi takanas ya je Malbaza.

“Alhaji, moton ga ko daga bisa tsauni anka turo shi ba shi yin 140, balle da mutum da buhun albasa.”

Ya ɗauki Alhaji a baya, suka hau kwalta, ya ce masa ya ƙirga duwatsun kilomita da ke bakin hanya da bakinsa. Alhaji ya ƙirga goma. Gilashi ya nuna ashirin. Makanikin ya durƙusa ya ɓamɓare maye ɗaya da bakin sukundireba, suka juyo. Goma ta zo goma. An sami mayen da ya shiga tsakanin dangi, na ƙarfe ne kuwa.

Babba ba ya cewa ƙarami “yi haƙuri” a bainar jama'a, kuma mai neman wannan kalma a bakin Alhaji zai rubuta cewa bai ba da haƙuri ba. Ya bayar. Ya miƙa makulli, ya haɗa da jika biyu na mai, ya ce, “Ka ce ma innakka ina nan tahe Juma'a.” Yaron ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, bai ƙara komai ba.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. TRIP ana share shi da danna maɓalli, ODO kuwa makanikin bai sami hanyar rage shi ba. Mitar ta fara daga sifiri a kan babur ɗin da ya riga ya yi shekara uku yana cin hanya, ta haɗiye wannan tarihi duka, sa'an nan ta ƙara kilomita 740 da ba a taɓa takawa ba. Wanda zai sayi babur ɗin wata rana zai karanta lambar da ba ta tsufansa ba ce, ba kuma ta tafiyarsa ba. Su biyun dai sun san abin da za su yi: in lokacin juye baƙin mai ya zo, sai ɗayansu ya ce “a hidda na maye”, a cire 740. An ma ji Alhaji yana faɗin haka a Galmi, wajen awon albasa, ran da wani dillali ya kawo masa lissafin da ya zarce buhunan da ke ƙasa.