Maki 138 da Kwanon Awon Babana

Ranar da saƙon sakamakon JAMB ya shigo wayata a shekarar 2023, ina bakin fadama ina taya Baba gyaran injin ban-ruwa. Na goge hannuna a jikin wando, na karanta sau uku: 138 cikin 400. Bayan 'yan makonni aka sanar cewa mafi ƙarancin makin shiga jami'a a waccan shekarar 140 ne, na kwalejojin kimiyya da fasaha kuma 100. Na san ko 140 ɗin na ci ba lallai ne in sami gurbi ba, amma wallahi waɗannan maki biyun sun daɗe suna hana ni barci.

Bari in faɗa muku yadda na zo da 138 ɗin nan. Ƙauyenmu yana bakin Kogin Haɗeja, ta wajen Auyo. Duk wanda ya taso a yankin nan ya san halin kogin: ruwa yana gangarowa daga Kano, ta Tiga da Challawa, ya zo ya tarar kachala ta toshe masa hanya, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. A watan Satumba na 2022, daidai lokacin da muka shiga aji shida na sakandare, ya yi mana irin wannan zuwan. Shinkafarmu ta tafi, ɗakin Inna ya faɗi, littattafaina suka koma kamar kunu. Makarantarmu ta zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Makonnin da ya kamata in yi ina bitar lissafi, na yi su ne ina cika buhu da yashi muna ɗaga jinga cikin dare.

Ga kuma batun kwamfuta. Tun 2015 aka mayar da jarrabawar gaba ɗaya kan kwamfuta, ni kuwa ban taɓa zama gabanta ba sai ana saura mako biyu, a wani shago cikin garin Haɗeja inda ake biyan kuɗi a kan awa. Tambaya 180 cikin awa biyu. Rabin hankalina yana kan tambaya, rabi yana kan tsoron kada in danna abin da zai goge komai.

Don haka lokacin da wani abokina a nan Binyaminu Usman ya kawo maganar soke jarrabawar, a teburin mai shayi, ni ne na fi kowa ɗaga murya. Ya ce ai a Amurka ma, lokacin cutar korona a 2020, jami'o'i da yawa sun daina tilasta wa ɗalibai kawo makin jarrabawar SAT, Jami'ar Kalifoniya ma ta daina duba shi kwata-kwata. Sai kuma ga abin da ya faru a 2025: matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida yana ba da haƙuri, aka sake musu jarrabawar. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare. A soke kawai, kowa ya huta.

Da na je gida hutu na kawo wa Baba labarin, ina zuba kamar kanya. Ya saurare ni har na gaji. Sai ya ce, “To, in an cire makin, wa zai zaɓi masu shiga?”

Na ce, “Makarantun mana, Baba. Za su duba hali da ƙoƙarin yaro.”

Ya yi shiru, ya jawo tsohon kwanon awonsa, wanda gefensa ya lotsa tun ina ƙarami. Ya ce, “Ka ga wannan? Na san ba daidai yake ba. Amma ranar kasuwa, in ɗan kasuwa ya ce in ajiye kwano zai kimanta shinkafata da ido, ba na yarda. Ido yana da ɗan'uwa, yana da maigida. Kwano kuwa bai san ɗan kowa ba.”

Ban ba shi amsa ba, domin ba ni da ita. Da na dawo makaranta na shiga bincike, niyyata in samo hujjar da zan kayar da shi, sai na tarar da akasin haka. Jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin jarrabawar a 2022. A 2024 Dartmouth da Yale da Harvard suka bi sahu. Dalilin da Dartmouth ta bayar ne ya fi tsaya mini a rai. Ta gano cewa 'ya'yan talakawa suna ɓoye makinsu don suna ganin ya yi kaɗan, alhali da sun nuna shi, idan aka dubi irin makarantar da suka fito, shi ne zai shigar da su. Da aka cire makin, sai nauyi ya koma kan rubutun gabatar da kai da wasiƙun shaida da ayyukan bayan aji, abubuwan da ɗan mai kuɗi ya fi samun mai taya shi shiryawa.

Mu dawo gida. In an cire makin JAMB yau, me ya rage a hannun mai ba da gurbi? Kiredit biyar na WAEC ko NECO. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan'uwa: duk mun san makarantun da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Akwai mai kiredit tara da ba zai iya rubuta wasiƙar neman aiki ba. Bayan wannan kuma sai takardar wani babban mutum da kiran waya. Ni Babana ba shi da lambar kowa sai ta mai sayar da taki. A irin wannan awon, ina ganin ko nan ɗin ma ba zan samu ba. Gudun gara ke nan, a faɗa gidan zago.

Wannan bai sa na daina jin zafin 138 ba. Har gobe ina cewa lambar ba ta faɗi daren da na kwana a bakin jinga ba. Abin da ya canza shi ne abin da nake nema. Ina so a bar kwanon, amma mai awo ya tambayi gonar da hatsin ya fito. Dama tsarin shiga jami'o'in tarayya ya san da wani abu mai kama da haka: kashi 45 na gurabe don cancanta, 35 don yankin da jami'a take, 20 don jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko, kuma Jigawa tana cikinsu. Sai dai ma'aunin ya tsaya a kan jiha. Yaron da ya yi makarantar kuɗi a Dutse, da kwamfuta a ɗakinsa, da yarinyar da ta fito daga Guri ko Kirikasamma, wadda damina ke raba ta da aji, duk sunansu ɗan Jigawa. Maki 160 ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ya kamata a riƙa duba makaranta da ƙaramar hukumar da ɗalibi ya fito, a gwada shi da abokan karatunsa.

Wancan aikin manya ne, kuma zai ɗauki lokaci. Akwai wanda yake hannunmu. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su nemi izinin hukumar makaranta, a ware ranakun Asabar daga Janairu zuwa lokacin jarrabawa, mu riƙa gayyato 'yan aji shida daga ƙauyukan kewaye suna zama gaban kwamfuta. Mu nuna musu cewa A da B da C da D ne zaɓin amsa, N ta kai ka tambaya ta gaba, P ta dawo da kai baya. Ƙaramin abu ne, amma da na san shi da wuri, na tabbata da na tsira da fiye da maki biyu.

Ina da dalilina na ƙashin kai. Ƙanwata za ta zauna jarrabawar baɗi, kuma ta fi ni kai nesa ba kusa ba. So take ta karanta aikin jinya, inda a 2025 aka sa mafi ƙarancin maki 140. Rannan ta kira ni ta ce, “Yaya, wai da gaske za a soke JAMB?” Na ce mata ta bar jin zancen teburin mai shayi, ta shirya ranar Asabar zan zo in ɗauke ta. Na riga na yi magana da mai shagon kwamfutar, awa biyu duk mako, daga kuɗin abincina.