Awon Kifi a Bakin Rima

Mu da muka tashi a Tudun Wada, iyakar saninmu da kifi shi ne na tire: soyayyar gargaza da yaji a bakin titi bayan magariba, ko busasshiyar tarwaɗa da Inna ke ɓarewa ta zuba a miyar kuka. Gulbi yana can arewa da gari, ba ya cikin lissafinmu, ko da yake daga cikinsa ake janyo ruwan famfon da muke sha. Sai a 2009, ina ɗalibi a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na taka Rima da ƙafata. Wani malaminmu mai nazarin kifi ya nemi yaran da za su riƙa taya shi aiki a bakin ruwa, ya ce duk mai ƙyamar ƙarni ya yi zamansa.

Ana sallame asuba nake hawa kabu-kabu, mu ratsa gari, mu gangara hanyar jami'a zuwa Kwalkwalawa. Da hunturu hazo kan kwanta bisa ruwa har ba ka hango ɗaya gaɓar, sai dai ka ji tarin masunta da muryoyinsu suna matsowa. Wasu sun kwana da kalli a ruwa, wasu sun je duba gura, wasu na tafe da birgi a kafaɗa. Mu kuma mu shimfiɗa buhu a kan yashi, mu jera allon awo, sikeli, almakashi, kwalaben magani da littafi.

Kowane kifi sai an kwantar da shi bisa allo, bakinsa ya tokari katakon da ke gefe, a karanta tsawonsa har ƙarshen wutsiya, sannan a ɗora shi a sikeli. Wanda Malam ya saya kuma a farke cikinsa, a duba abin da ya ci, a ga ko mace ce mai ƙwai. Kurungu ne mai ba da wuya. Yakan kafe ƙayoyinsa uku ya riƙa gurnani a hannunka, in ya soke ka kuwa ka wuni da zogi. Ranar da ba na mantawa ita ce wadda Malam ya buɗe bakin wata gargaza da babban yatsansa, ya ce in leƙa. Bakin cike yake da ƙwai, ƙanana, ruwan ɗorawa. Uwar ce ke riƙe su a nan har su ƙyanƙyashe, kuma ba ta cin abinci a tsawon lokacin. Mai kifin ya dube ta, ya girgiza kai, ya ce da ya lura da ya sake ta.

Bayan kifi sai ruwa. Muna da wani faifai mai fenti fari da baƙi, ɗaure da igiya mai alamomi. A zura shi a hankali har ido ya daina ganinsa, a rubuta zurfin. Da rani yakan yi nisa kafin ya ɓace. Da damina, in ruwa ya yi ja da laka, yana nutsewa kaɗan shi ke nan. Mukan auna zafin ruwan da yawan iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa, mu ɗebi wani a kwalba mu kai ɗakin gwaji.

Akwai wani dattijo da ba ya shiga ruwa kuma, sai dai ya zauna yana ɗinkin koma yana kallonmu. Wata safiya ya yafito ni.

"Ɗana, ku rubuta wanga cikin littahinku. Kihi bai haihuwa cikin gulbi. Sai ruwa ya hau hwadama, ya shiga ciyawa, sannan uwa ta zuba ƙwai."

Na ce, "To, Baba, yanzu ba ya hawa ne?"

"Yana hawa, amma bai daɗewa."

Daga nan ya shiga lissafo min abin da ya gani da ƙuruciya. Giwan ruwa da sai mutum biyu sun rataya a sanda. Yauni mai doguwar wutsiya. Bargi da ke share ciyawa ya yi sheƙa zagayayya a cikin fadama, yana gadinta. Kada yana shan hantsi bisa yashi, gauraki suna taku a gonakin shinkafa. A zamanin da nake zuwa, kirinjijiya da balbela da zalɓe ne suka rage da yawa. Gauraka kam ban taɓa ganinta a wurin ba, kuma masu nazarin tsuntsaye sun tabbatar ta kusa ƙarewa a Nijeriya baki ɗaya.

Da na kai wa Malam wannan magana, bai yi mamaki ba. Ya ce abin da tsohon ya faɗa shi ne ginshiƙin ilmin kifin fadama, kuma a wannan gulbi namu aka yi ɗaya daga cikin ayyukan farko a kansa. Wani Bature, M. J. Holden, ya yi nazarin ruwan gulbin Sakkwato a shekarun 1950, ya ƙirga kifin da ke maƙalewa a tafkuna bayan ruwa ya janye, aka buga sakamakon a 1963. Tsarin a fili yake: ruwa ya cika, ya malale fadama, kifi ya bi shi ya hayayyafa, 'ya'yan su yi ƙiba a cikin ciyawa inda manya ba sa iya cim musu, ruwa ya ja baya, a kama wasu, wasu su koma gulbi su zama iri. Gaiwa kuwa ta nutse cikin laka ta jira wata damina.

Sai aka datse. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, a 1978, sannan ta Goronyo a kan Rima a 1984, wadda ke iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Wani masani daga Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori, ya wallafa bincikensa a 1985. Ya iske cikar ruwa ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, kamun kifi ma ya faɗi. Abin da Adams ya auna a takarda, shi tsohon nan ya gani daga inda yake ɗinkin koma.

Ba na cikin masu tsine wa madatsa. Wanda ya zauna a Tudun Wada a watan Afrilu, ya ga yadda ake layi a jira 'yan garuwa, ya san darajar ruwan da aka tare aka adana. Albasa da alkama da shinkafar rani da ake nomawa a ƙasa da Goronyo suna ciyar da gidaje masu yawa. A 2018, da ruwan madatsar ya ragu ƙwarai, hankalin birnin Sakkwato duka ya tashi. Abin da nake cewa shi ne, in ana rabon ruwa tsakanin famfo da gona, a tuna kifi ma yana da kaso, kuma kasonsa yana da lokaci: farkon damina, sa'ad da ƙwai ya nuna.

Malam yakan ce mai nazarin gulbi ya riƙa ɗaga kai yana duban inda ruwa ya fito. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtua ya taso, ya ratso duwatsun Zamfara, ya haɗu da Rima, suka wuce Argungu da Birnin Kebbi suka faɗa Kwara. Kwara kuma daga tsaunukan Gini take, can yamma. Shi ya sa masuntan Yawuri ke ganin cika biyu a shekara: farin ruwa mai laka na daminarmu, da baƙin ruwa wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana tafiya, ya iso da hunturu garai-garai. Sare itace a kan tudu mai nisa yana iya zama yashi a ramin da tarwaɗa ke kwana a nan.

Sai ga Satumbar 2010. A ƙarshen azumi, ana shirin sallah, Rima ta yi cikar da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki a ƙasashen Goronyo, Wurno, Kware da Wamakko, ya yanke hanyar jami'a, aka rufe makaranta. Na je na tsaya inda kwalta ta ƙare. Gabana ruwa ne ja, iya ganin ido, yana tafe da kara da rufin bukkoki da gawar tunkiya. Masuntan da muke auna wa kifi su ne suka koma fiton mutane a kwalekwale. Mata na zaune a kan ƙullin kayansu, gero ya kusa isa girbi ya tafi. Wasu dangin maƙwabtanmu sun zo Tudun Wada suka zauna har ruwa ya janye.

Da rani ya shigo muka koma aiki, na ga ɗaya fuskar al'amarin. Tafkunan da na sani busassu duk sun kama ruwa, kuma cike suke da 'ya'yan kifi. Littafinmu ya samu sunayen da ba mu rubuta ba a bara. Ban iya yin murna ba, don na san abin da ruwan ya ci. Amma na fahimci cewa fadama ba ta mutu ba, kuma cika madaidaiciya, wadda aka saki da niyya aka sanar da mutane tun da wuri, za ta iya ba da wannan albarka ba tare da waccan hasara ba.

Kafin mu rufe aikin, Malam ya nemi a tara masunta a zauren Sarkin Ruwa, ya karanta musu abin da muka samu da Hausa. Ya nuna musu cewa yawancin gargazar da ake kamawa ba ta kai girman haihuwa ba, ya roƙe su su bar jan ruwa da gidan sauro. Ya kawo misalin Argungu, inda ake hana kamun kifi a ruwan Matan Fada sai ranar biki, bikin da ya samo asali tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Dattawa suka amince a ware tafki guda a hutar da shi har kaka. Wani matashi ya miƙe ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗi, amma in na saki ƙaramin yau, wani zai kama shi gobe, iyalina kuma su kwana da yunwa." Malam ya ce masa wannan shi ne dalilin da ya sa dokar ba ta yiwuwa sai kowa ya shiga. Aka tsayar da cewa Sarkin Ruwa zai aika wa ƙauyukan da ke sama da ƙasa da su, a ji ta bakinsu.