Jego da Ƙarancin Ruwan Nono

Shekara shida ta yi a ɗakin miji kafin ta sami ciki. A cikin waɗannan shekaru ne wata likitar mata a Kano ta gaya mata sunan abin da ke damun ta tun tana budurwa: al'adar da kan yi wata uku ko huɗu ba ta zo ba, gashin da ke tsiro mata a haɓa, ƙurajen fuska da ƙibar da ba ta jin magani. Likitoci na kiran lalurar PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke sa ƙananan ƙwayaye su taru a ma'ajiyar ƙwan mace ba tare da sun nuna sun fito ba. Ta sha magani, ta rage tuwo da kayan zaƙi, Allah ya kawo rabo, ta haifi 'ya mace mai nauyin kilo 3.2. Ta ɗauka wahala ta ƙare. Babu wanda ya faɗa mata cewa lalurar da ta tsaya mata a ƙofar haihuwa za ta iya biyo ta har ɗakin jego.

Da yake haihuwar fari ce, gidan iyayenta ta tafi wanka. Gwaggonta ce ta karɓi hidimar: ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji. Kowa ya ce mata zuwa kwana uku nono zai kawo, har ya cika ya riƙa zuba. Kwana uku suka wuce, biyar suka wuce, ƙirjinta yana nan sakayau. Jaririya takan kama ta yi ta tsotso kusan awa guda, ta saki da kuka, ta yi barcin gajiya, can kuma ta farka da kukan da ya fi na farko. Ranar suna gida ya cika, kowace mace da irin tata fatawar. Wata ta ce rashin cin abinci ne. Wata ta ce baki ne ya kama ta. Surukarta ta dubi jaririyar ta ce, "Mu dai a danginmu ba a san haka ba." Maijego ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya kyauta, Hajiya."

Wanda bai san matsayin nono a harshen Hausa ba zai yi mamakin yadda waɗannan kalmomi suka yi mata ciwo. A bakin Bahaushe kalma guda ce ke ɗauke da gaɓar jiki, da ruwan da ke fitowa daga gare ta, da kuma haƙƙin da uwa ke da shi a kan ɗa. Idan aka ga ƙaƙƙarfa sai a ce ya sha nonon uwarsa ya ƙoshi. Uwa kan roƙi ɗanta albarkacin nonon da ta shayar da shi, kuma babu abin da ɗa ke tsoro kamar a ce uwarsa ta ɗaga masa nono. Saboda haka macen da nononta ya gaza ba abincin jariri kaɗai take jin ta rasa ba, tana jin kamar an zare mata hujjar zama uwa. Kuma da yake harshen ba shi da sunan wannan lalura, gurbin da suna ya bari sai zargi ya cike shi.

A kwana na goma sha biyu aka kai jaririyar asibiti, ma'auni ya nuna kilo 2.8. Nas ɗin ta yi bayani a tsanake. Jariri kan rage nauyi a kwanakin farko, amma bai kamata ragin ya wuce kashi 10 cikin ɗari ba, kuma zuwa mako biyu ya kamata ya dawo nauyinsa na haihuwa. Bayan kwana biyar ana son ya jiƙa ƙunzugu aƙalla sau shida a yini, da fitsari fari. Wannan yarinya sau uku take yi, fitsarin kuma ya yi duhu. Likita ta duba yadda take kama nono, ta duba ƙasan harshenta, ta tambayi ko an zubar da jini da yawa wajen haihuwa ko wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale, ta sa a gwada sinadarin maƙoshi, domin duk waɗannan kan hana nono zuwa. Sannan ta yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi mata: "Lokacin da kike da ciki, ƙirjinki ya ƙara girma?" Ta yi shiru, ta ce bai ƙara ba.

A nan ne bayanin ya haɗu. Tun a 1935 likitoci biyu a Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana wannan lalura. A 2003, a birnin Rotadam na ƙasar Holan, masana suka amince cewa ana tabbatar da ita idan an sami biyu daga cikin alamomi uku: rashin fitar ƙwai a kan lokaci, yawan sinadarin maza a jikin mace, da tarin ƙananan ƙwayaye a hoton ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na ɗauke da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Alaƙarta da shayarwa kuwa sai a shekarar 2000 Lisa Marasco da abokan aikinta suka ja hankalin masana a kanta. Ƙwayoyin da ke haɗa ruwan nono suna ginuwa ne lokacin balaga, su ƙara yawa lokacin goyon ciki, a ƙarƙashin sinadarai irin su furojestaron da furolaktin. Macen da ƙwanta ba ya fita a kai a kai takan yi ƙarancin furojestaron, ga yawan sinadarin maza, ga kuma jikin da ba ya sauraron insulin yadda ya kamata, alhali insulin na da hannu wajen haɗa nono. Ba kowace mai lalurar ce ke shiga wannan hali ba. Da yawa suna shayarwa lafiya lau. Ita dai tana cikin waɗanda abin ya shafa, kuma tuwo ko kunu ba su gina abin da bai ginu ba.

Likitar ba ta ce ta daina ba. Ta tsara mata hanya: ta sa yarinya a nono sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da rana, kowane ɓangare, musamman da dare lokacin da furolaktin ke ƙaruwa, bayan an gama ta tatsa da hannu ta ba ta abin da ya fito, sannan a cike da madarar jarirai ta gwangwani a ƙaramin kofi. Ta gargaɗe ta a kan haɗin: a tafasa ruwa, a haɗa kafin zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 70, a bi awon da ke jikin gwangwani, a bar shi ya huce, abin da ya wuce awa biyu a zubar. Ba ruwa zalla, ba koko, ba madarar shayi. Ta ƙara da cewa tsada na sa wasu iyaye su ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe, kuma wannan ita ce hanyar da ke ramar da yaro alhali ana ganin yana sha.

Ranar da ta fara ɗora kofi a leɓen 'yarta, sai da ta juya wa ƙofa baya. Ta sha ganin allunan asibiti da ke kira ga nonon uwa zalla har wata shida, kuma ta san gaskiya suke faɗa. Abin da ba ta gani a jikinsu ba shi ne matsayin mace irinta. Yarinyar ta lashe madarar, ta yi gyatsa, ta yi barcin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Uwar ta zauna tana kallon ta tana hawaye, ita kanta ba ta san ko na baƙin ciki ne ko na sauƙi ba.

Magungunan gida ma ba ta watsar da su duka ba. Ta ci zogale, ta sha kunun gyaɗa da fura, domin abinci ne mai gina jiki. Hulba kuwa sai da ta nemi shawara, saboda takan saukar da sukarin jini, kuma hujjar da ke nuna tana ƙara nono ba ta da ƙarfi. Kunun kanwa ne ya jawo saɓani, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego. Da ta nemi a rage, gwaggonta ta ce, "Ke da ba ki da nono, shi ne za ki bar kanwa?" Ta ce, "Gwaggo, kwana goma sha biyu ina sha, ga abin da ma'auni ya nuna."

Kakarta ta wajen uwa ce ta kashe maganar. Wani dare ta shigo ta tarar da ita tana tatsa a cikin kofi, abin da ya taru bai wuce cokali uku ba. Tsohuwar ta zauna a bakin gado, ta shafa 'yan gasusuwan da ke haɓarta ta ce, "Ke 'yar nan, kin ga wannan? Ni ma haka na yi. Biyu na binne kafin uwarki, aka ce mugun nono gare ni. Uwarki kishiyata ce ta shayar da ita." Shekara hamsin maganar na cikin gidan, ba a taɓa furta ta ba. Lalurar kan bi jini, ga shi ta bi. Su ma matan da suna da hanyarsu ta ceton jariri, shayarwar wata mace, wadda shari'a ta san da ita har ta gina mata hukuncin 'yan'uwantakar shan nono. Abin da ba su samu ba shi ne sunan ciwon, da wanda zai ce musu ba laifinsu ba ne.

Ranar da ta yi arba'in aka sake ɗora yarinyar a ma'auni, layin da ke katinta ya juya sama. Nonon bai taɓa isa shi kaɗai ba, amma bai ƙafe ba, kuma ta ci gaba da ba da shi har wata goma sha huɗu. Da ta koma ɗakinta, surukarta ta zo ganin jika, ta tarar da gwangwanin madara a kan tebur, ba a ɓoye ba. Ta ɗauki yarinyar ta jinjina nauyinta, ta daɗe tana kallon kumatunta, sannan ta tambayi cokali nawa ake zubawa.