Ɗan ƙanwata, piyanonsa da babur ɗinsa



Yau zancen ɗan ƙanwata zan yi muku, domin tun 2017 muke jayayya da shi a kan abu guda, kuma har gobe ban ci ba. A shekarar ce ya sauka wurina a nan Agege daga Funtuwa, da 'yar jakarsa da piyano naɗe cikin bargo. Uwarsa ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, ga amana nan. Kiɗan dai na haƙura, amma don girman Allah kada ka bar shi ya hau babur." Na ce an gama. Ba a yi wata uku ba sai ga yaro da Bajaj Boxer, wai wani Alhaji ne ya ba shi, yana kai balas duk sati.

Da rana acaɓa yake yi, wato okada a bakin mutanen nan, sunan da ya samo asali daga tsohon kamfanin jiragen sama na Okada Air. Da dare kuwa, musamman Juma'a da Asabar, sai ya ɗaure piyanon a baya da roba ya nufi gidan biki, yau Idi-Araba, gobe Mile 12, duk inda Hausawa ke aurar da 'ya. Da farko na ɗauka neman abinci ne kawai ya haɗa shi da babur. Ashe abin ya wuce nan.

Abokansa kan taru a ƙofar shagona bayan la'asar, da mai rera waƙar, da mai kalangu, da wani ɗan Nijar mai jita. Na rantse muku ban taɓa jin sun yi minti goma suna zancen waƙa ba. Hirar ke nan kullum, salansa, kafireto, wane ya sake sarƙa, wane totur ɗinsa ya fi jan wuta. Babur zai gifta can bakin titi, ɗan ƙanwar tawa ya karkata kai ya ce, "Kawu, ji wannan, fuloginsa ya kusa mutuwa." Ni dai ƙara kawai nake ji. Su kuwa kunnen da suke ɗaure kalangu da shi, su daidaita tsirkiya, shi suke sa wa inji, kuma sau da yawa sai bakanike ya kwance ya tarar da abin da suka faɗa.

Cikin damina ta 2019 abin da uwarsa ke tsoro ya faru. Wata danfo ta matse shi a hanyar Ikeja, taya ta zame, ya faɗi a kan hannun hagu, ya karye a wuyan hannu. Wanda ya san irin piyanon da makaɗanmu ke aiki da shi ya san hagu ce ke riƙe da kiɗan gaba ɗaya, dama wasa kawai take yi a kai. Muka kai shi wurin mai ɗori, wata huɗu bai taɓa piyano ba. Wayar da na yi da ƙanwata a daren nan ba na son tuna ta. Ba ta yi faɗa ba, shiru ta yi, kuma da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

To yana jinya sai na shiga neman hujjar da zan raba shi da babur, na kuwa samu a intanet. Na karanta masa labarin Duane Allman, gwanin jita na Amurka, wanda ya mutu a hatsarin babur a garin Macon ranar 29 ga Oktoba, 1971, yana da shekara 24. Bayan shekara ɗaya da 'yan kwanaki abokin kiɗansa Berry Oakley ya bi shi, shi ma a kan babur, 'yan layuka kaɗan daga wurin, shi ma yana da shekara 24, aka binne su kusa da juna. Na ƙara masa da Bob Dylan, wanda ya faɗi da Triumph ɗinsa a 1966, bai sake fita yawon waƙa gari-gari ba sai 1974.

Yaro ya saurare ni tsaf, sa'an nan ya ce in ɗauko piyanon in dubi tambarin. Yamaha. Ya ce, "Kawu, masu ƙera wannan su ne masu ƙera baburan Yamaha." Na bincika, gaskiyarsa. Da kayan kiɗa kamfanin ya fara a Japan tun 1887, sai a 1955 aka ɓallo sashen babura, kuma ƙarafa ukun da ke cikin tambarin na daidaita sautin kiɗa ne. Ɗan Nijar ɗin nan kuma ya zo dubiya ya sa baki, ya nuna min a wayarsa fim ɗin Mdou Moctar na Agadas da ya fito a 2015, yana ratsa gari a kan babur shunayya da jita a baya, irin yadda Prince ya yi a fim ɗinsa na 1984. Suka kawo min Charly Boy, wanda duk mazaunin Legas na shekarun 2000 ya san shi da manyan babura da tsaya wa 'yan okada, kuma har shugabancin ƙungiyar mawaƙa ta PMAN ya riƙe.

Na ce musu duk na ji, amma waɗannan da kuke lissafawa don nishaɗi suke hawa, in sun ga dama su ajiye su shiga mota. Charly Boy ɗan alƙalin Kotun Ƙoli ne. Kai kuwa in hannun nan ya tafi, kiɗan ya tafi, acaɓar ma ta tafi. Har yau ina kan wannan magana. Sai dai amsar da ya ba ni ta tsaya min a rai. Ya ce a ɗakinmu mu biyar ne, a gidan biki kowa da waƙar da yake so a yi masa, wurin da yake samun jin kansa shi ne tsakanin Mile 12 da Agege da ƙarfe biyun dare, kuma yawancin kiɗan da ya haɗa a nan ya fara zuwa masa.

Abin da na kasa yi, doka ta yi rabinsa. Ranar 1 ga Yuni, 2022 aka hana okada a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja da Surulere, a Satumba kuma aka ƙara da Mushin da Kosofe da wasu biyu. Hanyoyin bikinsa suka toshe ke nan. Yanzu piyanon danfo yake shiga, a biya masa kuɗin kujera kamar mutum, acaɓar kuma ta koma lungunan unguwa da wajen Sango.

Babur ɗin dai bai sayar ba, ya ma gama biyan Alhajin tuntuni. Duk safiyar Juma'a yana wanke shi a ƙofar shagona, ya tayar da shi ya tsuguna yana saurare. Satin da ya wuce zan je ta'aziyya Sango, ga cunkoso, shi ya goya ni. Uwarsa ta kira muna hanya, na bar wayar tana ruri a aljihu har ta katse.