Ƙullin da Ba a Gani

Mu yaran shago yadi muke ɗokin shimfiɗawa, don shi ake yabawa. Maigidanmu kuwa sai ya tsare mu kan sifirin: a ɗinke gindinsa, a danne kansa, a ɗaure da igiya gaba da baya, hagu da dama, sannan a gicciye, ƙulli takwas kowanne.

Ranar da ya tafi ta'aziyya, muka yi wa kujerun wata amarya ƙulli hurhuɗu, muka rufe da soso. Wa zai gani?

Bayan wata biyu aka dawo da su a amalanke, duk sun lotse. Ashe bashi mahaifinta ya ci ya saya.

Maigida bai yi faɗa ba. Almakashi ya miƙo mana, ya ce, "Ku farke, ku ƙirga."