Tattaki a kan dusar ƙanƙara: na rana da na dare

Jama'a, a yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Mai sauri ya ajiye sai ya samu sukuni.

Duk shekara idan muku-mukun sanyi ya kama, abu biyu nake gani a shafin nan. Mu nan gida kowa na kuka da jaura, leɓe ya tsage, wankan safe ya zama abin shawara. Can kuma ga hotunan 'yan uwanmu na Turai, an tsaya cikin dusar ƙanƙara, an sha jibgegiyar riga ana murmushi, yaranmu na rubuta "Allah ya kai mu" a ƙasa. Ni ma amin nake cewa. Sai dai akwai wata hanya a cikin ƙanƙarar nan da ba a cika ɗaukar hotonta ba, kuma tunda na taɓa taka gefenta da ƙafata, bari in ba ku labari.

Shekarun baya ofis ya tura ni kwas na 'yan makonni a Turin, arewacin Italiya, a tsakiyar hunturunsu. Wata Asabar aka shirya mana fita zuwa tsaunukan Alps. Jirgin ƙasa muka hau, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, muka sauka a Bardonecchia, gari na ƙarshe kafin iyakar Faransa. Tsayinsa daga teku ya ɗan haura mita 1,300, wato ya ɗara Jos kaɗan, kuma a nan aka yi wasu daga cikin wasannin Olamfik na hunturu na 2006. Daga bayan garin akwai wani kwari mai tsawo da suke kira Valle Stretta. Tun yarjejeniyar 1947 ƙasar Faransa ce, amma ta ɓangaren Italiya ake shigarsa. Nan za mu yi tattakin.

Kafin mu ɗaga ƙafa sai da jagoranmu, wani dattijo siriri mai kama da bai san gajiya ba, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba fareti. Rigar auduga a jikin fata, ya ce a cire, domin auduga na shan gumi ta riƙe, gumin kuma shi ne zai koma ya daskarar da kai. Wani abokin kwas ɗinmu da ya zo da wandon jins sai da aka nemo masa wani. Riga uku ake sawa: ta ciki mai fitar da gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Ga takalmi mai kauri har idon sawu, ga safar ulu, safar hannu, hula mai rufe kunne, baƙin tabarau saboda hasken da ƙanƙara ke mayarwa yana ƙona ido. Sannan aka ɗaura mana wani abu a ƙarƙashin takalmi, kamar faifai mai tsawo da haƙoran ƙarfe, don kada ƙafa ta nutse. Kowa da sanda biyu da filas na shayi. Shi kuma a jakarsa akwai shebur, da doguwar sandar lalube mai naɗewa, da wata 'yar na'ura da ke nuna inda mutum yake idan ƙanƙara ta binne shi.

Da asuba ya riga ya duba sanarwar haɗarin zaftarewar ƙanƙara. A Turai suna auna shi daga 1 zuwa 5, ana fitar da shi kullum kamar hasashen yanayi. Ya gaya mana wanda ƙanƙara ta rufta a kansa, in an tono shi cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, in an wuce haka kuwa sai wani ikon Allah. Sannan ya kafa mana doka guda: ƙarfe biyu na rana, ko ina muka kai, za mu juya. Ko saura taku goma mu isa. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, kuma shi ba ya ciniki da dutse.

Wallahi wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Shiru irin wanda ban taɓa ji ba, babu tsuntsu, babu mota, sai ƙarar takunka kamar ana tauna ƙuli-ƙuli. Bishiyoyi sun sunkuya da nauyin fari. Amma kyan nan da wuya yake tafe. Mita ɗari na hawa sai ka ji kamar ka zagaye filin ƙwallo sau biyar. Kana cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifili amma gumi na bin bayanka, ka tsaya minti biyar ka huta sai gumin ya zama kamar an watsa maka ruwan randa. Ka kauce daga sawun na gaba taku ɗaya, ka nutse har cinya. Na cire safar hannu don in ɗauki hoto, kafin in gama yatsun sun ƙi lanƙwasa. Wayar ma da na fito da ita cike da caji, sanyi ya shanye fiye da rabi. Da muka isa 'yar bukkar da ake saukar matafiya aka kawo mana abincinsu da suke ji da shi, polenta. Jama'a, tuwon masara ne da cuku. Na ci, na yi shiru.

A hanyar dawowa ne dattijon ya tsaya ya nuna mana wani titi da ya rabu da namu yana nannaɗewa sama a jikin dutse, ƙanƙara ta shafe shi sai alama. Mashigin Col de l'Échelle ke nan, mita 1,762. Da hunturu ana rufe shi ga motoci. Ya ce da rana masu tattaki irinmu ke binsa, da dare kuma 'yan Afirka. Ya ce idan bazara ta zo ƙanƙara ta narke, abin da suke tsinta a gefen hanya shi ne kambas, da jakar goyo, da bargon leda na agaji, wani lokaci kuma mai kayan.

Ga yadda abin ya samo asali. Dokar Turai da ake kira Dublin ta ce ƙasar da mai neman mafaka ya fara shiga ita ce za ta duba maganarsa. Wanda ya tsallako teku daga Libiya ko Tunisiya, Italiya ya fara taka wa. Amma ɗan Gini ko Mali ko Kwaddebuwa Faransanci yake ji, danginsa na Faransa, can yake so. A 2015 Faransa ta dawo da bincike a iyakarta da Italiya, aka tsaurara a Ventimiglia ta bakin teku, inda hanya ke da sauƙi. Ruwa in an tare shi ai wata hanya yake nema. Zuwa 2017 sai tafiyar ta koma sama, ta Col de l'Échelle, daga baya kuma ta Claviere zuwa mashigin Montgenèvre mai kimanin mita 1,850, a gangara zuwa garin Briançon. Da farko yawanci samarin Afirka ta Yamma ne, da yawansu ba su kai shekara 18 ba. Daga baya aka samu iyalan Afganistan da Iran har da jarirai, da 'yan Sudan.

A kan titi, daga Claviere zuwa Briançon bai wuce kilomita 15 ba. Mai mota minti ashirin da wani abu. Amma wanda ke gudun 'yan sandan iyaka ba zai bi titi ba. Daji zai shiga, cikin duhu, ba zai kunna tocila ba don kada a hango shi, ba faifan nan a ƙafa, ba sanda, ba wanda ya duba masa sanarwar zaftarewa. Abin da nake so ku riƙe shi ne dokar ƙarfe biyun nan. Duk kayan da aka jibga mana, babu wanda ya kai ta tsare rai. Mu muna da damar juyawa, kuma in abu ya ɓaci dattijon zai buga 112 a turo jirgi mai saukar ungulu. Yaron da ya bar gida shekara biyu, aka sayar da gona aka tura masa, ya sha duka a Libiya, ya ga abokansa sun nutse a teku, ka ce masa ya juya saura kilomita biyar? Kuma ya san in ya kira agaji, mai yiwuwa a cece shi a mayar da shi Italiya da safe. Sai ya jinkirta kiran. Sanyi kuwa jinkirin nan yake so.

Mu da muka tashi cikin zafi mun san alamun ƙishirwa, mun san mutum in rana ta buge shi. Sanyi ba mu san shi ba, shi ya sa yake yaudararmu. Duk hawan mita 1,000 zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, iska kuma in tana kaɗawa ta ƙara. Jikin mutum na zaune a digiri 37. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Da farko karkarwa, sai harshe ya yi nauyi, sai tuntuɓe, sai tunani ya rikice. Mafi muni shi ne lokacin da karkarwar ta tsaya, mutum ya ji wani barci mai daɗi, ya ce wa abokan tafiya ku je zan ɗan zauna. Wasu ma a ƙarshe zafi suke ji har su tuɓe riga. Yatsun ƙafa kuwa cikin jiƙaƙƙen kambas, zafinsu na ɗan lokaci ne, sai su daina ciwo, mai su ya ɗauka sauƙi ya samu. A asibitin da ke ƙasan dutsen an yanke wa samari yatsu, akwai wanda ya rasa ƙafa.

A watan Mayun 2018 aka tsamo gawar wata budurwa 'yar Najeriya daga kogin Durance, ƙasa da Briançon, kwana biyu bayan ta tsallako da dare. Lokacin narkewar ƙanƙara ne, kogin ya cika yana gudu. Danginta da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce jandarmomi take gudu. A watan nan dai aka tsinci wasu gawawwakin da ƙanƙara ta saki. A Fabrairun 2019 wani ɗan Togo ya mutu da sanyi a gefen titin da ke gangarowa daga Montgenèvre. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Kada kuma a ce Turawa duk ɗaya ne. A Afrilun 2018 wata ƙungiyar matasa masu ƙin baƙi, Génération Identitaire, ta hau Col de l'Échelle da shinge da jirage masu saukar ungulu wai za ta rufe iyaka. Gwamnatin Faransa ta rusa ƙungiyar a 2021. A gefe guda kuma mutanen Briançon, masu jagorar tsauni da malaman jinya da 'yan fansho, sukan fita da dare da shayi da busasshiyar safa suna neman waɗanda suka ɓata, kuma tun 2017 suka buɗe masauki a garin. An kai wasunsu kotu. A Yulin 2018 majalisar tsarin mulkin Faransa, a shari'ar wani manomi Cédric Herrou, ta ce taimakon baƙo don jin ƙai yana ƙarƙashin ƙa'idar 'yan uwantaka da ke cikin tsarin mulkinsu, ko da ba shi da takarda, amma ban da shigo da shi ƙasar. Mutanen dutse suna da wata al'ada da ta tuna mini da mutanen Sahara: ba a tambayar wanda ya ɓata fasfo kafin a ba shi ruwa.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, ai Hausawa ba su ne suka fi yawa a hanyar nan ba. Gaskiya ne. Amma da yawan masu hawa dutsen nan ta Agadas suka bi, sun kwana a tashoshinmu, da Hausa suka yi cinikin mota. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, sojoji suka soke ta a Nuwamban 2023, hanya ta sake buɗewa. Kuma yaranmu da a da iyakarsu Libiya ko Aljeriya ci-rani, yanzu wasu na zarcewa.

Akwai wani yaro a unguwarmu, tare muka yi zaman makokin mahaifinsa. Yana Italiya. Kwanaki ya kira ni yana neman abin da ya kira kuɗin mota na ƙarshe, wai daga inda yake zuwa Faransa tafiyar dare ɗaya ce a ƙasa, abokansa sun ce ba wani abu ba ne ga wanda ya keta Sahara. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba zan ce wa kowa ya keta iyakar wata ƙasa ba, na kuma gaya masa haka. Na ce ya nemi lauyan masu neman mafaka a inda yake, akwai ƙungiyoyin da ke yi kyauta. Amma na san yaran yanzu, ana faɗa suna jin na abokai. Don haka na ƙara masa da abin da dattijon nan ya koya mana. Na tambaye shi wane takalmi ne a ƙafarsa, ya ce kambas. Na ce 112 kyauta ne kuma gara a mayar da kai Italiya da yatsunka goma. Na ce in abokin tafiya ya ce zai zauna ya huta a cikin ƙanƙara, kada a bar shi. In yatsu sun daskare kada a murza su, kada a kara su a wuta, ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa su. Na ce a garin Oulx, kafin a hau, akwai masaukin da ke ba mutane takalmi da rigar sanyi, su kuma gaya maka gaskiyar yanayin dutsen a ranar.

Kuɗin dai ban tura ba. Mahaifiyarsa ta aiko ƙaninsa ya tambaye ni dalili, na je da kaina na nuna mata hotunan da na ɗauka a kwarin nan, na nuna mata titin da ke nannaɗewa sama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni wata nawa ƙanƙarar ke yi kafin ta narke. Na ce sai wajen Mayu. Ta ce in kira mata shi a wayata, ita za ta yi masa magana.