Azurfa Zafi Take Bi

Da sassafe na hau jirgin ƙasa a tashar Marylebone da ke Landan, na nufi Leamington Spa, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Watan Oktoba ne, sanyi ya fara cizo, ganyayen itatuwa sun yi ja suna zuba. Abin da ya ɗauko ni shi ne baje kolin da masu ƙera ƙananan injuna don sha'awa ke yi a wajen garin, a gefen Fosse Way, tsohuwar hanyar da Rumawa suka shimfiɗa.

Tun daga ƙofa warin kwal da zafaffen mai ya tarbe ni. Can sai ga kan jirgi, tsawonsa bai wuce na rago ba, yana huci yana jan benci ɗauke da yara da manya a kan dogon da faɗinsa inci 5 ne. Direban na zaune a bayansa, yana zuba kwal da shebur kamar cokali. Na tuna motar kara da ta gwangwani da muke yi muna yara, da tayoyin da muke yankowa daga tsohon silifa. Sha'awar ɗaya ce. Sai dai wannan da wuta da tururi yake tafiya, kuma tururi ba ya wasa da kowa.

Sha'awar ta daɗe a Ingila. Tun 1898 Percival Marshall ya kafa mujallar Model Engineer. A cikinta wani marubuci mai suna Lawrence, da aka fi sani da LBSC, ya shafe shekaru yana koya wa masu ƙaramin ƙarfi yadda za su ƙera jirgi a bayan gida. Shi ne ya dage cewa ƙaramin jirgi zai iya cin kwal ya ja babban mutum, in dai an yi masa tukunyar tururi mai bututai irin ta babban jirgi. A 1924 aka gwada jirginsa a bainar jama'a, a kan dogo mai faɗin inci biyu da rabi. Sunan jirgin Ayesha, abin da ya sa na daɗe ina murmushi.

A wani tebur na ga tukunyar tururi da aka tsaga biyu don masu kallo. Cikinta bututan jan ƙarfe ne a jere, kowanne kaurin yatsa, kuma a bakin kowanne akwai siririn zobe fari kamar an zana da alƙalami. Wani dattijo da ke tsaron teburin ya ga na ƙura wa zoben ido. Ya ce duk ran jirgin a nan yake. Da ya ji daga inda na fito, sai ya gayyace ni gidansa washegari.

Maƙerarsa ɗan ɗakin katako ne a ƙarshen lambu. Murhun kuwa tubala ne masu jure wuta, an jera su kamar kusurwar ɗaki don su tare zafi, ga tukunyar gas a gefe. Ya ɗauko guntun bututu da faifan jan ƙarfe mai huda, ya goge su har suka yi ƙyalli, ya hana ni taɓa wurin da hannu saboda maiƙon yatsa kaɗai kan ɓata aikin. Ya dama wani farin gari da ruwa kamar kunu ya shafa a mahaɗar. Aikin garin shi ne hana ƙarfen yin dauɗa idan ya ji wuta.

Wannan aiki dabam yake da waldar da muka saba gani a bakin titi, inda ƙarfen kansa ke narkewa. A nan bututun ba ya narkewa, domin jan ƙarfe sai ya kai digiri 1085. Abin da ke narkewa siririyar sanda ce mai haɗin azurfa da jan ƙarfe da tutiya, wadda ke zama ruwa a wajen digiri 650. Irinta maƙeran farfaru ke kira sinadari tun kafin kalmar ta shiga littattafan kimiyya. Dalmar masu gyaran rediyo kuwa ba ta kai digiri 200 take narkewa, don haka ba a dogara da ita ta riƙe tukunyar da ke kan wuta. Duk sandar da sai ta haura digiri 450 kafin ta narke, ita ake lissafawa a wannan aji mai ƙarfi.

Ya kunna wuta, ya yi ta kewaya faifan da ita, bai ko kalli sandar ba. Garin ya tafasa, ya bushe ya yi fari, can sai ya narke ya zama garau kamar ruwa. Jan ƙarfen ya ɗauki ja mai duhu. A lokacin ne ya kawar da harshen wutar, ya ɗan dangwala sandar a mahaɗar. Kafin ƙiftawar ido azurfar ta zagaye bututun ta shige ciki, ta ɓullo ta ɗaya gefen. Yadda lagwani ke jan kananzir, haka siririn ratan da ke tsakanin bututu da huda ke zuƙar ta. Ratan bai kamata ya wuce kaurin takarda ba. In ya yi faɗi ba za ta cika shi ba, in ya matse ba za ta samu hanya ba.

Da ya miƙo mini, sai na sa wutar a kan sandar kai tsaye. Ta narke, ta dunƙule kamar ƙwallo a kan ƙarfen da bai yi zafi ba, ta ƙi shiga. Ya bar ni na sake har sau uku, yana nuna mini in zafafa ɓangaren da ya fi kauri tukuna, domin azurfar inda zafi yake take bi. A na ukun ta gudu. Ya jira ƙarfen ya huce, ya tsoma shi a ruwan tsami irin na lemo, ya fito da shi jawur.

Muna shan shayi ya ƙara mini abubuwa biyu. Tukunya guda tana da mahaɗai da yawa, saboda haka ana farawa da sandar da ta fi wuyar narkewa, a ƙare da mai sauƙi, don kada wutar baya ta warware aikin farko. Sannan tsofaffin sanduna masu sinadarin kadmiyam, hayaƙinsu guba ne, Tarayyar Turai ta hana sayar da su tun 2011. Wannan ya tsaya mini a rai, domin na sha tsayawa kan masu gyaran firij a Kano suna liƙe bututun jan ƙarfe a cikin shago marar taga, fuskarsu dab da hayaƙi, ba tare da an taɓa gaya musu abin da ke cikin sandar da suka saya ba. Hannu kam muna da shi. Duk wanda ya ratsa Panteka a Kaduna ya san haka. Abin da na ga waɗannan dattawa sun fi mu shi ne rubuta abin da suka gano, da kuma yarda wani ya gwada aikinsu kafin a ɗora wa jama'a.

Gwajin ne ya nuna mini a ƙarshe. Akwai tukunyar da ya shafe watanni yana haɗawa, wadda masu duba na ƙungiyarsu ta masu ƙera ƙananan injuna za su gwada kafin a ba ta takardar shaida. Ya cika ta da ruwan sanyi fal, ya toshe kowace kafa, ya haɗa ɗan famfon hannu. Da ruwa ake yi saboda ruwa ba ya matsuwa, in wuri ya ɓalle sai dai ya ɗiga, tururi kuwa fashewa zai yi. Sabuwar tukunya sai ta jure ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki da shi. Ya yi ta danna famfon har allurar agogon awon ƙarfin ruwan ta kai inda yake so, muka yi shiru muna kallonta.

Ta tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ta ɗan sunkuya. Ya ɗauko tocila yana bin bakin bututan ɗaya bayan ɗaya da busasshen yatsa. A na uku daga ƙasa, ga ɗigon ruwa kamar kan allura yana tsatstsafowa. Ya zagaye wurin da fensir, ya saki ruwan a bokiti, ya ce ranar Asabar za ta koma murhu.